Ku Tambayi Anti: Katun da yaranmu, me za mu ce musu?

Barkanmu da sake saduwa. Wannan watan saƙonni sun taru akan abu guda, katun da yara, har na ga gara in tattara su waje ɗaya in amsa. Kamar kullum na cire sunaye, wasu kuma na ɗan datse su, don wasunku in suka fara rubutu sai an roƙe su kafin su tsaya.

TAMBAYA: Gaisuwa cikin sunan Yesu Anti. Ina da yarinya 'yar shekara 8, ita dai katun ɗin nan Frozen ta kalle shi har ta haddace, waƙar ciki kuwa ko wanka take sai ta rera. Da ban damu ba nace ai yarinta ce. Toh ran nan nace ta kashe tibi tazo ta kwashe littattafanta da ta baza a falo, sai yarinyar nan ta tsaya ta riƙe ƙugu tace wai ita yanzu ba mai kafa mata doka, zuciyarta kawai zata bi, ta juya ta shige ɗaki ta bugo ƙofa. Anti na tsaya baki buɗe, dariya na cina amma kuma raina ya ɓaci. Babanta yace a goge fim ɗin kowa ya huta, ni kuma ina ganin ko an goge ai yana cikin kanta. Ya zanyi?

AMSA: Sannu Maman yarinya, kuma a wannan karon kin fi Babanta gaskiya (ba sai kin nuna masa wannan layin ba). In kin goge fim ɗin kwafi ɗaya kika goge, ɗayan yana nan yana yawo a gidanki yana riƙe ƙugu. Abu na farko dai littattafan nan ita zata kwashe su, kuma zata baki haƙuri akan ƙofar da ta bugo, wannan tsakaninki da ita ne ba ruwan Disney, kamfanin da yayi fim ɗin. Amma dan Allah kar ki haɗa faɗan da zancen fim a lokaci guda, in kika haɗa abinda zata ɗauka shine Mama ta tsani abinda nake so, daga ranar ta daina kawo miki labarin abinda take kallo, kinga kin toshe hanyar da zaki san me ke shiga kanta.

Ki bari sai wata rana hankali kwance kice tazo ta nuna miki fim ɗin nan da take so, ki zauna ki kalla tun daga farko har ƙarshe, wayarki a aje. Zaki sha mamaki, don fim ɗin da kansa bai goyi bayan waƙar da ta ɗauko wannan maganar daga cikinta ba. Ya fito a 2013, waƙar ta ci kyautar Oscar a 2014, sai tafi labarin shiga duniya, yara da yawa waƙar kawai suka riƙe. Amma a ina Elsa, sarauniyar cikin fim ɗin, ta rera ta? A kan dutse, bayan ta gudu ta bar ƙanwarta da mutanen garinta, tana can tana murnar ta samu 'yanci alhali a bayanta gari ya daskare da ƙanƙara ita bata ma sani ba. Ita kuma ƙanwar, Anna, zuciyarta ta bi ta amince da auren wani ɗan sarki tun ranar da suka fara haɗuwa, ashe bawan Allahn nan sarauta yake hari, shi ne ma daga baya ya kulle ta a ɗaki ya tafi don ta mutu. Abinda ya warware rikicin duka kuwa lokacin da Anna ta bar neman ceton kanta ta shiga tsakanin takobi da yayarta.

Toh bayan kun gama, ba a tsakiyar kallo ba, don ba abinda yaro ya tsana irin a riƙa tsayar masa da fim ana masa wa'azi, sai ki tambaye ta kamar ke baki gane ba:

"Wai da Elsa ta tafi dutsen nan, su wa aka bari cikin sanyi?"

Ki yi shiru ki jira, ko shirun yayi tsawo kar ki amsa mata. Zata ce mutanen gari.

"Ta san tana cutar da su?"

"A'a."

"Amma sun cutu ko basu cutu ba?"

Anan zaki ga ta fara wasa da yatsu. Sai ki ƙara ɗaya, "Ita Anna fa, me zuciyarta ta gaya mata akan ɗan sarkin nan, gaskiya ta gaya mata?" Shikenan, iya nan ma ya isa na rana ɗaya. In ta buɗe baki tana magana sai ki gaya mata Littafi Mai Tsarki ya riga ya faɗi wannan, Irmiya 17:9 yace zuciya mai yaudara ce, Karin Magana 3:5 kuma yace mu dogara ga Ubangiji kar mu jingina ga namu ganewa. Abinda Anna tayi a ƙarshe kuwa ki tambaye ta wa ya tuna mata, yarinyar da ke zuwa makarantar Lahadi zata ce Yesu da bakinta, sai ku buɗe Yahaya 15:13 ku karanta tare.

Kar kuma ki wuce gona da iri ki nuna mata duk abinda zuciyarta ke so zunubi ne. Yarinyar da ke son waƙa Allah ne ya bata son, kuma akwai gaskiya a ɓangaren Elsa, iyayenta sun koya mata ɓoye abinda ke damunta da tsoro har ya zama ciwo, wannan darasin namu ne mu iyaye, in kina da ƙarfin hali ki gaya mata hakan.

Ni abinda nake so ku lura dashi, wannan saƙon na "bi zuciyarka, yarda da kanka" ba a fim ɗaya yake ba, kusan shi ne gishirin manyan katun na zamani. Dalili kuwa ba ɓoyayye bane, kamfani ya kashe maƙudan kuɗi yana so fim ya sayu a Amurka da Sin da Indiya da ko'ina, cikin masu addini iri iri da marasa addini, toh wane saƙo zai saka wanda ba wanda zai yi fushi? Sai wanda bai ambaci Allah ba bai ambaci zunubi ba, yace amsar tana cikinka. Haka kuma labari baya tafiya sai yaro ya shiga haɗari shi kaɗai, shi yasa zaki ga iyayen ko sun mutu, ko basu fahimce shi ba, sai ya saɓa musu ya fita a ƙarshe kuma ace shi ke da gaskiya su bashi haƙuri. Fim ɗaya ba zai ɓata yaro ba, amma wanda ya ga wannan tsarin sau da yawa tun yana ɗan shekara 3 ba wanda ya taɓa ce masa uffan, zai ɗauka haka duniya take. Maimaitawar Shari'a 6:7 tace a riƙa zancen maganar Allah da yara a zaune a gida, a kan hanya, da lokacin kwanciya da na tashi, ai kujerar gaban tibi tana cikin zaman gida.

TAMBAYA: Salama Anti. Mahaifiyata ta rasu bara, ɗana mai shekara 6 ya shaƙu da ita sosai. Sun kalli wani katun mai suna Coco a gidan abokinsa, tunda ya dawo yake bina wai sai mun rataye hoton Kaka a falo, yana kuka yana cewa in muka manta da ita zata ɓace gaba ɗaya har a can inda take. Jiya da dare ma ya tashe ni yana tambaya ko na tuna da Kaka yau. Ni ban kalli fim ɗin ba kuma gaskiya ni kaina in ya fara maganar sai in ji wuyana ya shaƙe. Me zance masa?

AMSA: Allah ya ta'azantar da ku ɗan'uwa. Bari in fara gaya maka abinda ya gani don ka san da me kake magana. Fim ɗin na kamfanin Pixar ne, 2017, an gina shi akan bikin tunawa da matattu na ƙasar Meziko da akeyi ran 1 da 2 ga Nuwamba. A cikin labarin matattu suna zaune a wata duniya tasu, sai an saka hoton mutum a gida zai iya ƙetarowa ya ziyarci danginsa a ranar bikin, in kuma mutum na ƙarshe da ya tuna dashi a duniya ya manta, sai ya narke ya ɓace har abada, kuma an nuna wani yana ɓacewa haka a gaban ɗan yaron da ke jan fim ɗin. Babba zai kalla yace labari ne mai taɓa zuciya. Yaro ɗan shekara 6 da yayi rashin kaka kuwa abinda ya ji shine ran Kaka yana hannunsa, in yayi sakaci ya manta shi ya kashe ta karo na biyu. Kaga nauyin da ya ɗauka, shi yasa yake tashinka da dare yana duba ko kaima kana gadi.

Wannan nauyin zaka sauke masa, kuma a fili, ba da kwana kwana ba. Ka ɗora shi a cinya kace masa abinda ya gani labari ne da wasu suka tsara, amma Kaka ba tunaninmu ke riƙe da ita ba, Yesu ne, kuma Yesu baya mantuwa. Ka bashi labarin ɓarawon nan da aka gicciye kusa da Yesu a Luka 23, mutumin da ba wanda zai rataye hotonsa a falo, abinda ya roƙa kawai Yesu ya tuna dashi, Yesu kuwa yace masa yau ɗin nan zai kasance tare dashi a Firdausi. Ishaya 49:15 da 16 ma zai taimake ka, inda Allah yace ko uwa ta manta da jaririnta shi ba zai manta ba, ya zana mu a tafin hannunsa. Yaro zai gane wannan sarai, ka buɗe tafin hannunka ka nuna masa.

Hoton kuwa ka rataye mana, me ya hana? Sai dai ka faɗa masa dalili, mun saka ne don muna ƙaunarta muna son ganin fuskarta, ko gobe hoton ya faɗi ya fashe ba abinda zai samu Kaka. Kuma ka guji ce masa Kaka barci takeyi ko tayi tafiya, ƙananan yara suna ɗaukar magana yadda aka faɗe ta, sai ka ga ya fara tsoron barci ko ya zauna jiran dawowarta. Ta mutu, tana wurin Ubangiji, akwai ranar tashin matattu, Yahaya 11:25 da 1 Tasalonikawa 4:13 da 14. In wuyanka ya shaƙe kayi kuka a gabansa ba laifi, Yesu ma yayi a kabarin Li'azaru.

Abu ɗaya, kar ka zagi mutanen Meziko ko kace masa fim ɗin na shaiɗan ne, akwai abin kirki a ciki, girmama tsofaffi da yafiya tsakanin dangi, ka yaba wannan ka gyara wancan. Ikilisiyoyi sun bambanta akan addu'a saboda matattu, Katolika suna da ranarsu ta 2 ga Nuwamba wasu kuma basa yi, wannan ka bi koyarwar inda kake sujada, amma ba ikilisiyar da ke koyar da cewa wanda aka manta dashi ɓacewa yake.

TAMBAYA: Ni dattijo ne a ikilisiya, jikokina biyar suna zuwa hutu wurina. Abin da nake gani a katun ɗin nan daga mayu sai sanda mai tsafi sai dodanni sai dabbobi suna magana kamar mutane. Na hana a gidana, amma iyayensu suna barinsu, har 'yata take cewa na cika tsanani. Shin Littafi Mai Tsarki bai hana sihiri ba ne, ko zamani ya canja shi?

AMSA: Ina gaisuwa Baba. Zamani bai canja komai ba, Maimaitawar Shari'a 18:10 zuwa 12 tana nan ta hana duba da sihiri da neman matattu, kuma a Ayyukan Manzanni 19 waɗanda suka tuba a Afisa da kansu suka tara littattafan sihirinsu suka ƙone a gaban jama'a. Gidanku ne kuma, dokar da kuka kafa dole jikoki su bi. Sai dai ku yi mini izini in ɗan ja da ku kaɗan.

Dabba mai magana kam mu cire ta daga lissafi, a Littafin Mahukunta sura 9 Yotam ya bada labarin itatuwa sun taru suna neman wanda zai zama sarkinsu suna ta muhawara, ba wanda yace yayi tsafi. Annabi Natan ma da yazo tsauta wa Dawuda da ƙagaggen labari ya shigo, na attajiri da 'yar tunkiyar matalauci. Sihirin kuwa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ni abinda nake dubawa, ikon nan daga ina ya fito a cikin labarin, kuma me ya jawo wa mai shi. Akwai wani fim na Disney na 2009 da mugun ciki boka ne da ya ƙulla yarjejeniya da aljanu don ya samu dukiya da mulki, ƙarshe su suka ja shi suka tafi dashi yana ihu, wannan ai kusan abinda za ku faɗa a kan bagade ne, sai dai yana da ban tsoro ga ƙanana. Akwai kuma wanda jarumin ne ke kiran ruhohi ko karanta surkulle ana nuna abin burgewa ne, kuma abu ne da yaro zai iya kwaikwaya a ɗaki da kyandir. Wannan ni ma kashewa zanyi. In kuka ga jika ya fara maimaita irin kalmomin nan da gaske ba da wasa ba, ko yana firgita cikin barci, a tsayar a yi magana a yi addu'a dashi.

Amma Baba gaskiyar abinda ke raina, mayyar nan mai baƙin kaya da dogon hanci bata cika bani tsoro ba, ko yaro ɗan shekara 4 ya san muguwa ce yana so a ci ta da yaƙi. Wanda yafi damuna shine katun ɗin da ba maye ba dodo, launi mai kyau kiɗa mai daɗi, amma uban gidan sakarai ne kullum ana masa dariya, yaran suna mayar wa manya baƙar magana ana tafi, ƙarya tana fitar da mutum daga matsala ba abinda ya biyo baya. Irin wannan yake wucewa ta gaban dattijo ba a ce komai ba saboda ba sanda a ciki, kuma shi yaro yafi saurin ɗauka don abu ne da zai gwada gobe da safe.

Hanin kuma in ba bayani, iyakarsa ƙofar gidanku, suna komawa gida ko makaranta za su kalla. Da za ku daure ku zauna da su ku kalli guda ɗaya, ku tambaye su waye mai kirki a ciki kuma ta yaya suka gane, za ku ji abinda ba ku zata ba daga bakinsu. Daniyel an koya masa rubutu da ilimin Babila duka amma ya san inda zai tsaya, irin wannan idon muke so jikokin su samu. 'Yarku kuma ku kira ta gefe ita da mijinta, ba a gaban yara ba, in kun bambanta akan wani fim Romawa 14 ta bar wuri ga lamirin kowa, kar yara su gane akwai tsaga su riƙa bi ta ciki.

TAMBAYA: Anti ni malamar makarantar Lahadi ce. Nakan ba iyaye shawara su tsaya akan katun na Littafi Mai Tsarki kawai, toh amma ran Lahadi ina koyar da labarin Musa wata yarinya ta ɗaga hannu tace nayi kuskure wai matar Fir'auna ce ta tsince shi ba 'yarsa ba, wani yaro kuma ya tambaye ni a wace sura mutum-mutumin nan na Superbook yake. Na rasa ko inyi dariya ko inyi kuka.

AMSA: Kiyi dariyar Malama, sannan ki gode wa Allah kina da yaran da ke ɗaga hannu. Yarinyar The Prince of Egypt ta kalla, na kamfanin DreamWorks, 1998, kuma a ciki haka aka nuna. Su masu fim ɗin ma sun rubuta tun a farko cewa sun yi ƙari da ragi don labari, sai dai wane yaro ke karanta rubutun farkon fim? Bambancin ba ɗaya bane. Fitowa 2 tace 'yar Fir'auna ce. A fim kisan Bamasaren nan ya zo kamar tsautsayi, a Littafi kuwa Musa ya duba nan ya duba can ya ga ba kowa, ya kashe shi ya binne a yashi. A fim Musa da ƙuruciyarsa ya koma Masar, Fitowa 7:7 tace shekararsa 80, kuma Haruna da aka ture gefe a fim shi ne mai magana a madadinsa, shi ya jefa sandan a gaban Fir'auna. Sunan Fir'aunan ma Littafi bai faɗa ba.

Toh ga darasin Lahadi mai zuwa ya zo miki har gida, ki raba su kashi biyu ki basu Fitowa 2 su nemo inda fim ya saɓa, ki ga yadda za su yi rububin buɗe Littafi. Shi kuma mai tambayar mutum-mutumi ki gaya masa Superbook tun 1981 aka fara shi, haɗin gwiwar gidan talabijin na CBN da wani kamfanin katun na Japan, aka sabunta shi a 2011, yaran ciki da mutum-mutumin ƙari ne aka yi don a kai mai kallo cikin labarin.

Shawarar da kike ba iyaye kuma ki ɗan gyara ta. Katun na Kirista yana da amfani sosai amma shi ma sai an zauna an yi magana akai. Phil Vischer, wanda ya ƙirƙiro VeggieTales a 1993, katun ɗin nan na tumatir da kokwamba masu bada labaran Littafi, daga baya shi da kansa ya fito ya amsa cewa ya shafe shekaru yana koya wa yara halin kirki irin na Kirista ba tare da ya koya musu bisharar kanta ba. Kinga yaro zai iya tashi da "ka zama yaron kirki Allah zai so ka" ya ɗauka shi ne bangaskiya, bai taɓa jin cewa tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu ba.

TAMBAYA: Anti duk naji ana cewa a zauna a kalla da yara, ni kuma tun safe nake fita aiki sai dare, in na dawo ga aikin gida, gaskiya waya nake miƙa musu su bani lafiya. Babban 12, na tsakiya 7, autar 2. Akwai wata hanya ko dai na riga na makara?

AMSA: Baki makara ba 'yar'uwa, kuma ba wanda ke kallon komai da yaransa, wanda yace miki yanayi ƙarya yake. Autar dai ki rage mata sosai, Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta bada shawarar cewa 'yan ƙasa da shekara 2 kar a zaunar dasu gaban allo sam, daga 2 zuwa 4 kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana, in bai kai ba ma yafi.

Sauran biyun, fim guda da kika sani yafi miki YouTube a sake, don can ɗaya na ƙarewa wani ke tashi da kansa baki san ina zai kai su ba. A 2017 anyi ta surutu a duniya da aka gano bidiyoyi masu ɗauke da fuskokin katun da yara suka sani amma cikinsu ƙazanta da tashin hankali, wasu har sun tsallaka cikin YouTube Kids, wanda akayi musamman don yara. Ki shiga saiti ki kashe abin nan mai kunna na gaba da kansa, ki sauke musu abinda kika zaɓa, kuma kallo a falo, waya bata kwana a ɗakin yara. Ki sani kuma ba kowane zane bane na yara, irin su South Park don manya akayi su, haka katun ɗin Japan da yawa, shi ɗan shekara 12 nan ne zaki sa ido.

Harafin da ake sakawa jikin fim, G ko PG ko PG-13, tsarin Amurka ne da ya fara a 1968, yana auna zagi da faɗa da tsiraici da shaye shaye, yana da amfani amma baya gaya miki me fim ke koyarwa akan Allah ko mutuwa ko iyaye, Coco ɗin da ya hana ɗan wancan bawan Allah barci PG ne. Kafin ki yarda da sabon fim ki rubuta sunansa a intanet ki karanta taƙaitaccen labarin, minti biyar ya isa ko a mota kike. In kin dawo kina aiki ki kira mai shekara 7 ya tsaya kusa dake ya baki labarin abinda ya kalla yau, ki tambaye shi wa yafi so a ciki da dalili, hannunki na aiki kunnenki na wurinsa. Babban kuma ki bashi muƙami, shi zai riƙa tantance abinda ƙannensa za su kalla yazo ya gaya miki dalilin da yasa ya amince ko ya hana, in yace miki "Mama ai katun ne kawai" kice toh tunda katun ne kawai ba zai masa wuya ya gaya miki me ke ciki ba.